Tagar Mama

"Wanda ya shafa wa shagona jan fenti? Shi za ki kawo min gida, Auta?!"

"Baba, shi fa awon hanya kawai yake yi... ba shi ya ce a rushe layin ba."

"Hannunsa dai ya yi alamar. Na gama magana!"

Auta ta haɗiye kukanta. Ta san ba shagon ɗinkin ke cin ran Baba ba. Tagar saman shagon ce, inda Mama take zama tana kallon titi har Allah ya karɓi abarsa. Yanzu babbar hanya ta bi ta wurin, ko hoton gidan ba su da shi.

Washegari mai awon ya same ta a ɗakin zanenta, riƙe da ambulan.

"Kafin a rushe layi, sai mun ɗauki hoton kowane gida. Duba na bakwai, abar ƙaunata."

Shagon ne. A sama ga shuɗiyar taga, ga Mama 'yar mitsitsiya, ta tallafe haɓa tana hararar mai ɗaukar hoton. Auta ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta.

Sati uku tana zanen layin da fentin mai. Shi kuwa wannan fenti sai ya yi kwanaki kafin ya bushe, ta fi kowa sani. Amma Auta da haƙuri ba su taɓa shiri ba. Ranar da ta ajiye buroshi, ranar ta kinkimi zanen zuwa falo, mai awon na biye da ita yana ta addu'a a ransa.

Baba ya sa tabarau a daƙile.

"Ga mai gyaran keke... ga fitilar nan da ba ta taɓa kamawa ba..."

Sai idonsa ya kai kan tagar. Ya miƙa hannu.

"Baba, kar ka taɓa, bai bushe ba!"

Ina! Yatsunsa sun riga sun shafi kumatun Mama, sun jawo shuɗin tagar har gefen fuskarta.

"Wayyo... na ɓata ta, Auta."

"Ba ka ɓata ba, Baba," mai awon ya ce daga bakin ƙofa. "A bar shi haka. Hannunka ne a jikinta."

Baba ya juyo a hankali.

"Kai ka ɗauki hoton da ta duba ta zana wannan?"

"Ni ne. Har harara ta yi min."

Dariya ta ƙwace wa tsohon, hawaye na bin gemunsa.

"Sau ɗaya ka sha. Ni shekara talatin ina shanta, kuma wallahi ina kewarta."

Ya miƙa masa hannu, ya riƙe gam. Da ya saki, tafin saurayin ya yi shuɗi shar.

"Ka shafa min ja, na shafa maka shuɗi," Baba ya ce yana share ido. "Je ka turo manyanka."