Maganin Ƙwarin Wake

A Tudun Wada aka tara masu binciken kimiyya don a koya musu yadda za su mayar da bincikensu sana'a. Zubaida ta gama bayanin garin da ta haɗa da ganyen darbejiya, mai hana ƙwari cin wake a buhu, ɗaki ya ɗauki tafi. Ammar, matashin da ke koyar da su, shi kaɗai bai tafa ba.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Amma kin tambayi manomi ko zai saya?"

Ba ta taɓa tambaya ba. Haushinsa ya hana ta sukuni, murmushinsa kuma ya ƙi barin idonta.

Ranar kasuwar Kafin Maiyaki Ammar ya kwashe su zuwa can, ya ce kowa ya tallata abinsa. Zubaida ta tsaya gaban masu wake tana jero sunayen sinadarai, mutane na wucewa. Ammar ya matso ya rage murya.

"Ki ce musu wakensu zai kai bazara lafiya."

Ta faɗa. Kafin la'asar kwalaben garin da ta kawo sun ƙare.

Tana isa gida saƙonsa ya shigo: "Likitar wake, kin sauka lafiya? Tunda kika hau babur hankalina ya bi ki."

"Malam, wannan ma cikin darasi yake?"

"A'a, Zuby. A nan ni ne ɗalibi."

Soyayya ta yi ƙarfi, amma mahaifinta Malam Balarabe, malamin Alƙur'ani, ya ce sam.

"Ban kai ki jami'a don ki yi talla ba. Wanda ya fara da kai 'yata kasuwa, ina zai ƙare da ita?"

Ana cikin haka sai Alhaji Bature, dillalin hatsi da ya daɗe yana neman aurenta, ya aiko mata cewa Ammar ya kawo masa sirrin haɗinta zai sayar. Ita ma ta taɓa hango su tare a shagonsa. Ta daina ɗaga waya. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki wayar ta ajiye, abinci ya ƙi shiga.

Ammar ya zo da kansa ya durƙusa a zauren Malam. Zubaida ta laɓe bayan ƙofa tana saurare.

"Allah ya gafarta Malam, Alhaji ne ya kira ni ya ce in sayar masa. Ni kuwa ban ma san haɗin ba. Ni na hana ta faɗa wa kowa, har da ni, sai an yi masa rajista da sunanta."

Gaskiya ne, ba ta taɓa faɗa masa ba. Kunya ta rufe ta.

"To, tallan fa?" in ji Malam.

"Malam, manomi a Riruwai guba yake zuba wa wakensa, 'ya'yansa su ci. Maganin kuwa yana kulle a kabad ɗin jami'a. In ba ta kai masa ba, wa zai kai?"

Malam ya daɗe yana jan carbi.

"Kullum ilimi mai amfani nake roƙar mata," ya ce a hankali. "Ashe an amsa, ni ne ban gane ba. Turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure, lokacin har matan Kiru sun fara ɗura garin a ƙananan ledoji masu ɗauke da sunanta. Malam ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ku da abin da hannunku ya taɓa."

A motar kai amarya zuwa Bebeji, Zubaida ta rubuta wa Ammar: "Ka yafe min zargin da na yi maka, mijina."

"Na yafe tun kafin ki tambaya. Ki dai ce wa direba ya ƙara wuta."

Ta yi dariya cikin mayafi, hawaye na zuba. Allah ya bar su tare.