Ƙarni a Rumfar Amarya

"Wayyo hancina! Goggo, me ya mutu a nan?"

Auta ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ja da baya. Safiyar bikinta ce, ta zo duba rumfar da za su tsaya ƙarƙashinta ita da ango. Rumfa kam ta yi kyau, ganye kore shar ya zubo ta kowane gefe kamar an tsefe wa budurwa kai. Amma wari, 'yan matana! Ƙarnin kifi ne tsagwaronsa, mai shaƙe maƙogwaro. Ƙudaje sun riga baƙi isowa, wata kyanwa ta zauna a gindin rumfar tana lasar baki.

"Babu abin da ya mutu," in ji Goggo, yayar babanta, tana tofar da yawu. "Mijinki ne ya aiko da gaisuwa."

To, bari in koma da ku baya kaɗan. Angon nan kifi yake sayarwa, yana da ɗakin sanyi a bakin kasuwa. Tun zuwansa na farko Goggo ta ce ba da ita ba, don ta daɗe tana yi wa ɗanta, mai shagon turare, tanadin Auta. Da abin ya gagara, sai Mai Turare ya koma ɗan'uwa nagari, har shi ya kai su wurin mai lambu neman ganyen ado.

Ganyen da masu hali ke saye, tsadarsa ta sa ango tari. Na roba kuma ya sha ƙurar bukukuwan mutane, Auta na ɗaga reshe ɗaya kyankyaso ya fito a guje.

"Tir! Ko kyauta ba na so."

Can ta hango wani yaɗo ya malale bayan shinge.

"Masoyi, duba! Ganyensa kamar zuciya!"

"Autana... dankali ne fa."

"Wa zai sani? In an tashi biki ma akuya ta samu rabonta."

Mai lambu ya yi dariya, ya ce su kwasa kusan kyauta, sai dai da an yanke shi yake yaushi, a nema masa wuri mai sanyi. Auta na can tana gwada tsawon yaɗo, Mai Turare ya dafa kafaɗar ango.

"Faɗuwa ta zo daidai da zama, abokina. Ba kana da ɗakin sanyi ba?"

Shi kuwa bawan Allah, wanda ke yini cikin ƙarni ina zai ji ƙarni? Ya shimfiɗa ganyen a kan kwalayen kifi, yana ta murna ya yi dabara.

Abin da Auta ta tarar ke nan.

"Wannan na yini ɗaya ne, 'yar nan," Goggo ta ci gaba. "Gidansa fa? Filo ƙarni. Zanin gado ƙarni. Kofin shan ruwa..."

"Goggo, ki bari."

"Ki haihu, jariri ya fito, a ɗauka a shinshina..."

"Na ce ki bari!" Hawaye ya zubo mata. "Kina tsammani ban sani ba? Ni ma ƙyama nake ji! In ya miƙo mini abu, sai na faki idonsa na wanke hannu. Turaren da nake ba shi kyauta, hancina nake yi wa!"



Goggo ba ita take kallo ba, bayanta take kallo.

Auta ta juya. Ango ne tsaye, rungume da sauran ganyen, Mai Turare a gefensa, shi ya rako shi.

A hankali ya sunkuya ya ajiye ganyen a ƙasa, kamar mai kwantar da jariri.

"Da kin faɗa mini, Autana..."

Ya juya ya fita.

"Ƙanwata, share hawayenki," in ji Mai Turare, murya kamar zuma. "Allah ne ya rufa miki asiri. Rumfa kuma kada ki damu, ganyen roba na cikin motata tun jiya, ga turare kwalba-kwalba."

Auta ta ɗago.

"Tun jiya?"

"Eh mana."

"Tun jiya ka san zai yi wari, Yaya?"

"A'a, wato... ni shawara kawai na ba shi."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ƙamshinsa ya cika wurin, amma sai ta ji wata ƙyama da ta fi ta ɗazu.

"Shi in ya yi wanka nasa zai fita. Kai da me za a wanke ka? Tir!"

"Ke! Ina za ki da kwalliya rabi?" Goggo ta ƙwalla mata kira.

Ko waige ba ta yi ba.

Ba ta taɓa taka shagon angon ba, kullum da uzurinta. Ranar ta taka. Ƙasa jiƙe da ruwan ƙanƙara, ɓawon kifi na manne wa takalmi, ga bokitin kayan ciki a bakin ƙofa, ƙuda ya yi masa baƙi. Ta ɗauke numfashi ta kutsa.

Yana zaune a kan kwali, yana dirzar hannu da lemon tsami. Ɓawon lemo ya taru a gabansa, fatar yatsun har ta yi ja.

"Koma, Auta. Za ki ɓata kayanki."

"Masoyi..."

"Kullum kafin in zo wurinki haka nake yi. Na ɗauka yana fita." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ban riƙe ki ba. Zan je in gaya wa Baba da bakina, laifin nawa ne."

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Ina ƙyamar ƙarni. Tun ina ƙarama."

"Na ji ai."

"Ba ka ji duka ba."

Ta durƙusa a cikin ruwan nan, da kayanta da komai. Ta kamo hannun da take gudu, ta ɗora a kumatunta, ta danne.

"Wannan hannun nake so. Shi..."

Sai ta zabura, ta toshe baki, ta fita a guje. Yana jin ta a bakin kwata tana kelaya amai.

Ya sunkuyar da kai. Shi ke nan.

Sai ga ta ta dawo, ido jajur, tana goge baki. Ta koma inda ta tashi, ta sake kamo hannun.

"Ka gani? Haka za mu yi ta yi. In fita, in dawo."

Ya dube ta, ya dubi kwalliyar da ta dame, dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Kai, Autana! Wace irin amarya ce wannan?"

"Taka. Tashi ka kwaso lemon nan, ganye na jiran mu."

Suka wanke shi reshe-reshe. Ƙarni ya ragu, ban ce ya tafi ba. Aka yi biki Goggo na riƙe da hankici a hanci, kyanwar nan kuwa babu hoton da ba ta fito ba.

Akuya ba ta samu komai ba, don Auta ta kwashe yaɗon ta binne a bayan ɗakinsu. Dankali kuwa ba ya fushi, ya kama. Da ya yi 'ya'ya, kwanon farko Goggo ta aika wa.

Goggo ta ɗaga ɗaya, ta shinshina, ta sake shinshinawa.

Sannan ta ce a ɗora mata ruwa a dafa.