Cokali na Goma Sha Biyu

Shekara tara ina neman cikon tsofaffin cokulana masu ruwan azurfa, masu zanen ganyen inabi a mariƙi. Sha ɗaya gare ni.

Da magariba wata tsohuwa ta shigo falona a Porto-Novo, tana warin tsohon akwati. Ta ajiye na sha biyun.

"Eusebio, ɗan nan, shirya tebur. Kayanmu sun cika, mutanen gida na hanya."

"Haba Iya, ni kaɗai ne a gidan nan!"

Na murɗa ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Kujeru suka fara ja da baya, ba mai jan su.

Na leƙa cikin cokalin. Fuskata kai ƙasa, yadda cokali ke nuna kowa. Tata kuwa, a bayan kafaɗata, tsaye take daidai, tana murmushi.