Kan Doyar Tudun Alibandeng

Tudun da ke bayan unguwar Alibandeng, can nesa da ƙasar Hausa, babu shi yanzu, babu kuma Maitama, mijin Iyatu. Shi ya haƙo wata doyar daji a can, a shekarun da kuɗin mai ke tura katafila cikin kurmi.

Mutanen ƙasar in sun haƙi doyar daji, sukan mayar da kanta rami su rufe. Maitama Bakano ne, bai sani ba. Ya kawo ta ɗungurungum, Iyatu ta dafa, ta wurgar da kan a bayan madafi.

Magariba na kawo jiki, tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki. Sai ta biyu. Iyatu ta leƙa waje, babu kowa, kaji ma sun yi tsit. Da ta juyo sai ga 'yarta Lailatu durƙushe a tsakar gida, tana tonon ƙasa da farce har jini.

Kwana uku yarinyar ba ta ci ba, kafin a samo Malam Hamadou, mutumin Garwa. Ya daɗe yana karatu a kanta. Can sai muryar tsohuwa ta fito daga bakin Lailatu.

"Ina kan doyata?"

"Baiwar Allah, me kika haɗa da yarinya?" in ji Malam.

"Tushe bakwai suka rage mana. Baturen nan mai duba tsirrai ya ƙirga, ya ce irinta babu a littafinsu, babu a ko'ina. Ganye ɗaya ya tsinka. Su kuwa gidana suka sa a tukunya."

Iyatu ta rarrafa bayan madafi. Ta sami kan, har ya fara tsiro.

"Za a mayar miki," in ji Malam.

"Ina? Jiya katafila ta share tudun."

"Ga tsakar gidana," in ji Iyatu.

Muryar tsohuwar ta sake fitowa.

"Na karɓa. Ran da doyar ta mutu, yarinyar ce gidana."

Lailatu ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ruwa."

Iyatu ta dasa kan a tsakar gida, ya kama. Zazzaɓi ya yi ajalin Maitama a ƙarshen damina. Dangi sun aiko Iyatu ta koma Kano, ta ƙi barin doyar. Yanzu rani ya shigo, ganyen doyar ya soma rawaya. Baturen ya zo ya gani, ya ce wataƙila barci take yi, amma bai tabbata ba.

Allah ka raya wannan doya, ka bar wa Iyatu 'yarta. Mai karatu, ka ce amin.