Takalma a Ƙofar Uwar Adashi

"Kowa ya kwanta! Ina kuɗin?"

Ranar Lahadi ce da rana, a Los Angeles. Mata goma sha biyu 'yan Koriya sun taso daga coci, suna zaune a ɗakin Goggo Ok-bun, uwar adashi. Dala dubu goma sha biyu na cikin kwanon kimchi, tsimin kabeji mai tafarnuwa. Kwasar ɗaya daga cikinsu ce, Mal-sun. In ba ta biya kuɗin shagon wanki gobe ba, wani za a ba.

Samari biyu, fuska a rufe, bindiga ɗaya. Na uku na mota.

Goggo Ok-bun ba ta kalli bindigar ba, ƙafafunsu ta kalla. Safa! Sun tuɓe takalma a bakin ƙofa, yadda uwayensu suka koya musu.

"Kai, ɗan gidan wa ne?" ta tambaya da yaren gida.

"Goggo, don Allah ki kwanta," in ji ƙaramin, har da rusunawa.

"Dalla rufe baki!" babban ya daka masa tsawa. "Gaisuwa muka zo?"

"Yi haƙuri, Yaya."

"Ƙaramin nan Man-deuk ne!" wata ta ce daga ƙasa. "Ɗan mai sayar da kifi! Ni na yi wa uwarsa wankan jego!"

Babban ya fizgi kwanon. Mal-sun kuwa tuni ta rarrafa ta ƙofar baya, ta kwashe takalman, ta jefa bayan katanga, ta kwarara ihu. Maƙwabci ya kira 'yan sanda.

Jiniya! Direban ya leƙo, ya ga ba riba, ya taka mota ya bar su.

Samarin biyu suka fito a guje, daga su sai safa. Kwalta ta ɗau zafin Yuli kamar kasko. Tsalle ɗaya, tsalle biyu—kwanon ya kife! Ɗan sandan da ya sa musu ankwa sai da ya jingina da mota don dariya.

Mal-sun ta biya shagonta da takardun kuɗi masu warin tafarnuwa.

Babban ya sha shekara tara. Uwar Man-deuk kuwa, duk adashin garin suka kore ta, kifinta ya riƙa ruɓewa a tebur. Goggo Ok-bun, wadda muka binne bara, ita ta je har kasuwa ta jawo hannunta zuwa adashinta.

"Wata mai zuwa kwasarki ce. Ki ɗaukar wa sakaran nan lauya."

Ba wadda ta yi musu. Shekara uku aka yanke wa Man-deuk.