Ruwan Lagireto a Bakin Suri

Rana ta yi ja sa'ad da Zaharah ta gangaro daga kan tsauni da a-kori-kurarta, baya cike da duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya a jiki, gaba kuwa tururi ke tashi ta gefen bonet. Shekara ashirin tana ɗaukar kayan lambu daga ƙauyukan Kelantan zuwa kasuwa, kuma ba ta taɓa barin wani makanike ya taɓa mata mota ba. Ita ta ƙara wa injin turbo, na'urar ƙara ƙarfi, da hannunta don ya iya hawa da kaya. Ya ba ta ƙarfin, ya haɗa mata da zafi. In ta sauko daga tsauni ta ɗaga bonet, sai ta tarar da turbon ya yi jawur kamar garwashi, yana gasa duk abin da ke kusa da shi.

Ran nan tiyon ruwa ya gasu har ya tsage. Da ƙyar ta kai bayan gida, ta tsaya kusa da wani tsohon suri. Ana kiran magariba. Mijinta Jusoh ya leƙo ta taga, hularsa a hannu.

"Zah, bari sai da safe mana. Ba a zubar da ruwan zafi a wannan lokaci."

"Da safe duriyan ya kamata ya kasance a kasuwa, ba ni a ƙarƙashin mota ba."

Ta kwance makullin lagireto. Tafasasshen ruwa ya kwararo, ya bi ƙasa, ya shige gindin surin. Ko bisimilla ba ta yi ba. Kwaɗin da ke kuka a fadama suka yi tsit gaba ɗaya.

Washegari da magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufin gida. Jusoh ya zagaya gidan bai ga kowa ba. Da ya ɗauki dutsen sai ya yar da shi da sauri, don da zafi yake kamar daga murhu aka ciro shi. Rana ta uku suka ji kukan yaro daga cikin bonet, siriri, mai tsawo. Zaharah ta ɗaga, babu komai sai injin da ya huce tun azahar.

Rana ta biyar abin ya faɗa kan 'yarsu Suriati, mai shekara goma sha tara. Tana zuba shinkafa a faranti sai ta sandare. Jikinta ya ɗauki zafi har hannu ba ya iya daɗewa a goshinta. Ba ta ci, ba ta magana, sai dai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon motar.

"Mu sayar da ita," in ji Jusoh.

"Je ka kira Malam Deraman," ta ce. "Mota tana nan."

Malam Deraman tsoho ne da ke karantar da manya a masallacin ƙauyen. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a tabarma gaban yarinyar, ya fara karatu a hankali. Inuwa ta yi ta tsawo a ɗakin. Sai da hasken taga ya koma ruwan toka sannan Suriati ta ɗaga kai, ta yi magana da muryar namiji, busasshiya.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita ba ta yi ba. Uwarta ta yi. Tun kafin a kafa gidan nan muke cikin surin. Ɗana yana wasa a bakin ƙofa aka sheƙa masa wuta."

Zaharah ta ji maganar ta soke ta. Ta matso gaba.

"Ban gan shi ba. An hana ni, na ƙi ji, laifina ne. Ina neman afuwar ɗanka."

"Afuwa da kuɗinta. Baƙar akuya a gindin suri. Ƙarfen nan kuma a ƙone shi."

Jusoh ya fara gyaɗa kai. Zaharah ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ba na yanka wa kowa sai Wanda ya halicce ni da kai. Mota kuwa ita ke ciyar da gidan nan."

"Kin san da wa kike magana? Daga wuta aka yi ni."

"To sannu. Ni ma da ita nake cin abinci."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin yarinyar ya ɗauki karkarwa, muryar ta yi gurnani.

"Zan fita, amma sai na rama. Fata da fata. A jikin wannan zan bar shaida."

"Ba ka da haƙƙi a kanta," in ji Malam.

Zaharah ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu, ta miƙa.

"Ga wanda ya kwance makullin. In ramuwa kake so, kar ka ɓuya a bayan yarinya."

"Zaharah, janye hannunki!" Malam ya daka mata tsawa.

Ba ta janye ba. Yatsun Suriati suka kama tsintsiyar hannunta. Zafin ya ratsa har ƙashi, ƙaurin fata ya tashi a ɗakin. Hawaye ya zubo mata, amma ba ta yi ƙara ba, idonta na cikin idon abin da ke kallonta ta fuskar 'yarta.

"Ka gama?" ta tambaya ta cikin haƙora.

Yatsun suka sassauta.

"Ki ɗauke ƙarfenki daga ƙofarmu."

"Zan ɗauke. Ba zan sake zubar da ruwan zafi a ƙasa ba. Kai kuma ba ka sake taka gidan nan."

Malam ya sa shi ya yi alkawari sau uku. Suriati ta yi atishawa, ta sulale kan cinyar uwarta, gumi mai sanyi na karyo mata.

"Mak," ta kira uwarta a hankali, "me ya sami hannunki?"

"Aiki ne. Tashi ki sha ruwa."

Kwana biyu bayan haka Zaharah ta mayar da motar gaban gida. Da hannu ɗaure da bandeji ta naɗe bututun hayaƙi da ƙyallen da wuta ba ta ci, ta lanƙwasa farantin ƙarfe ta raba turbo da tiyo, ta huda bonet don zafi ya sami hanyar fita. Suriati, wadda ba ta taɓa kula da injin ba, ta tsaya a gefe tana kallo har aka gama. Sannan ta ce a koya mata tuƙi.

Zaharah ta dube ta, ta jefa mata makulli.

"Hau. Hannuna ba zai iya canja giyar mota ba yau, kuma kasuwa ba ta jira."