Hukuncin Baba a Ɗakin Darasi

A ɗakin darasi na hawa na biyu suka fara haɗuwa, ɗaki mai fanka ɗaya da babban allon bidiyo. Ta allon ne ɗaliban wasu jami'o'in ƙasashen waje suke shiga darasin, ana nazarin yadda ake kashe dimokuraɗiyya da doka ba tare da an harba bindiga ba. Dogo ne malamin, Auta kuma sabuwar mataimakiyarsa.

Ƙa'idar darasin ita ce a karanta kowane hukunci a bayyane, amma ba a faɗin sunan alƙalin. Ran nan Dogo ya karanta wanda ya ɗage zaɓe har sai abin da hali ya yi. Da aka watse, Auta tana naɗe wayoyi ta ce, "Malam, ba a nan alƙalin yake numfasawa ba. Sai ya wuce 'maslahar ƙasa'."

"A kotu kika ji shi?"

"A falonmu. Babana ne, yana bita, ina kai masa ruwa."

Ya dube ta, ba ta sunkuyar da kai ba. Daga nan soyayya ta fara.

Dogo ba gwanin zance ba ne. Saƙonsa kullum ɗaya ne: "Autar alƙali, kin ci abinci?" Ita kuma ta amsa: "Na ci, Dogona. Kai fa, ko yau ma takarda ka ci?"

Da maganar aure ta kai gida, Baba bai ɗaga murya ba.

"Na bincika, yaron kirki ne. Ya cire hukuncina daga darasinsa, in ba shi ke."

"Baba, ai ba a faɗin sunanka."

"Wa kike ganin bai sani ba?"

Da Auta ta gaya masa, Dogo ya ƙi. Ya ce mata, "In na cire yau saboda ke, gobe zan cire saboda wani."

Wani abokin aikinsu da ya daɗe yana sonta ya sami ƙofa. Ya raɗa mata cewa hira da alƙalin Dogo yake nema don bincikensa, ita tsani ce kawai. Ta daina amsa saƙo. Da abin ya ishe ta, ta tare Dogo a matakala ta tambaye shi.

"Da hira nake so," in ji Dogo, "ai da tuni na cire hukuncin, ina falonku ina shan shayi."

Ta karɓi rabin littattafan da ya rungumo.

Ba a jima ba majalisa ta zartar da sabuwar doka: duk jami'ar da ke aiki da ta waje sai ta nemi lasisi. Jami'arsu ta nema, aka hana. Aka kwance allon daga bango, aka sallami Dogo. Komai bisa ƙa'ida, da sa hannu da hatimi. Shi da wasu malamai suka shigar da ƙara.

Baba ya kira Auta. "Darasin ya mutu, ba ni da sauran sharaɗi. Ya turo magabatansa."

Ba ta yi murna ba, ta dai kai saƙon.

"Ashe doka ce za ta aurar da mu," in ji Dogo.

"Za ka ƙi ne?"

"Ni na ce haka?"

Ranar ɗaurin aure, abokan aiki kaɗan ne suka zo, su ma ba su yarda an ɗauke su hoto ba. Da jama'a suka ragu, Baba ya kira ango da amarya falo.

"Ƙarar da kuka shigar gabana za ta zo."

"Na sani, Baba."

"To ka san yadda za ta ƙare. Ba za ka sami aiki nan kusa ba. Ka riƙe mini ita da kyau."

Ya dafa kansu. "Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'yan da ba za su ji kunyarku ba."

Auta ta ce amin. Ta kama hannun mijinta, suka fita.